Aljanar da Na Ajiye a Gonar Yaya

Shekara huɗu na yi ina rubuta labaran ban tsoro, ban taɓa tsorata ko kaza ba. A waya nake rubutun, da babban yatsa, bayan na dawo daga Islamiyyar da nake koyarwa a Kura na sauke tukunya. Sai in riƙa turawa shafi-shafi cikin guruf ɗin mata masu karatun littattafai, da wani suna da na laƙa wa kaina. Ban da mijina babu wanda ya san ni ce. Dole ma in ɓoye, domin gidanmu gidan malamai ne a wani ƙauye ta wajen Bunkure, kuma ban ga bakin da zan buɗe in gaya wa Baba Malam cewa 'yarsa da ta sauke Alƙur'ani a gabansa tana can tana ƙera aljanu ba.

Littattafaina uku na farko duk a manyan gidajen Abuja na kafa su, gidajen da ko ƙofarsu ban taɓa gani ba. Ina murna na rubuta abin da zai hana mutane sakat, sai wata ta rubuto a guruf ta ce, "Baiwar Allah, aljaninki ya ba ni dariya har na ƙware. Wane irin aljani ne yake jiran lifta?" Wata kuma ta ba ni shawara, wai in koma labarin soyayya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya. Kwana biyu maganar tana cina, har na ce wallahi sai na rubuta wanda zai sa mai wannan bakin ta kasa shiga banɗaki ita kaɗai.

Da na huce na gane gaskiya suka faɗa, abin da ban sani ba nake rubutawa. To me na sani? Na san gonar Yaya, babban wanmu, wanda shi yake riƙe da noman gidan tun da ƙafa ta fara damun Baba Malam. A nan na yi wayo ina kai abinci. Idan ka bar titi ka bi bakin kanal, za ka tsallake wani kwalbati da gefensa ɗaya ya karye, inda ruwa yake shiga ta ƙarƙashin hanya ya fito yana juyi. Gaba kaɗan akwai mushen wata tarakta da ta mutu tun ba a haife ni ba, ciyawa ta fito ta cikin sitiyarinta. Gonar da take jingine da taraktar nan ita ce tamu. Haka na kwashe su na zuba a littafi, ban rage ko karyewar kwalbatin ba. Sunan gari kawai na ɓoye, ina ganin na yi dabara.

Labarin kuwa na mata masu tsinkar tumatir ne. A wajenmu idan tumatir ya nuna, mata 'yan ƙwadago ake kira, yawanci dattawa da zawarawa, su jeru a gona tun da safe kowace da kwandonta. Sai na ce a wannan gona mata tara suke shiga da safe, amma da rana ta take tsaka, idan aka ƙirga sai a ga goma. Ta goman ba ta ɗaga kai, mayafinta a rufe, hannunta ya fi na kowa sauri. Za ta matso kusa da wadda ta gaji ta taya ta cika kwando. Wadda duk ta karɓi tumatir daga hannunta, jan nan ba zai wanku daga tafinta ba, kullum yana hawa, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, har ranar da zai kai ƙirji. Na rubuta shi da bakin mai ba da labari, "na gani da idona", kuma saboda sabo na gida, kowane babi da bisimilla da salati nake buɗe shi, in rufe da neman tsari.

Ya karɓu. Mai maganar lifta da kanta ta rubuto cewa ta zubar da miyar tumatir ɗin da ta kaɗa. Ranar har rawa na taka a tsakar ɗaki. Da aka ce mini wani mai sayar da labarai cikin murya ya karanta shi ya naɗa, ya saka masa amsa-kuwwa da kukan iska, ban ji haushin ya ɗauka ba izini ba, daɗi ma na ji. Abin da ban sani ba shi ne ya yanke sunan littafin da na marubuciya, ya fara daga bisimilla kai tsaye. Daga shagunan cajin waya aka riƙa tura shi cikin ƙananan wayoyin matan ƙauye, tsakanin wa'azi da wa'azi. Macen da ba ta taɓa riƙe littafin hikaya ba, ta ji an yi salati an ce "na gani da idona", sannan an siffanta mata kwalbatin da take tsallakewa kullum, me kake so ta ɗauka?

Ina shirin fita makaranta wata Asabar da safe sai ga Yaya a kan babur. Yaya ba mai yawo ba ne, balle a tsakiyar kakar tumatir, saboda haka tun kafin ya zauna na san ba lafiya ba. Muka gaisa, na tambayi Baba Malam da mutanen gida, ya ce kowa lafiya. Na kawo ruwa bai sha ba.

Ya ce, "Malama, ke da kika san harkar wayar nan, saurari wannan ki gaya mini inda ake kai ƙarar mai shi."

Ya danna. Kukan iska ya fara, sannan wata murya mai kauri ta karanto jimlar da na yi kwana uku ina gyarawa.

Ya ce, "Kin ji? Kwalbatinmu ne. Taraktarmu ce. Tun shekaranjiya ya kamata a yi tsinkar farko. Iya ta ce ko mace ɗaya ba za ta taka gonar ba. Tumatir ya yi ja kamar an zuba jini, ga zafi ya fara. Ni wa na tsare wa hanya a duniyar nan da zai yi mini wannan sharri?"

Iya ita ce dattijuwar da take tara matan ƙwadago a ƙauyenmu, duk mai son hannu sai ta wajenta. Na tambayi Yaya ko ya nemi maza. Ya ce ya nema, duk suna kan cirar albasa, waɗanda ya samu kuwa suka ce su ba tsoro suke ji ba, amma dai suna da uzuri. Gonakin yankin kusan tare suke nuna, kowa neman hannu yake yi, babu wadda za ta bar gonar lafiya ta zo ta aljana. Shi kuwa tumatir ba hatsi ba ne da za a ce a bari sai an huta. Idan ya nuna kwanakinsa ƙidayayyu ne, daga nan sai ya fashe a jikin uwarsa. Wata uku Yaya ya yi yana bin layin ruwa, yana feshi, yana korar tsutsa, kuma a wannan shekarar gonar gaba ɗaya ya zuba wa tumatir.

Abin da na yi a nan shi ne wanda har yau nake jin kunyarsa. Na ce masa, "Allah ya tona asirin mai shi, Yaya." Ya ce amin. Ya hau babur ya tafi, ni kuma na tafi makaranta na koyar da yara babin gaskiya da riƙon amana. Yini guda cur na ɓata ina lallashin kaina cewa abin zai wuce da kansa. Mijina ne da na gaya masa ya dube ni ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in shirya da safe ya sa ni a mota.

A zaure na sami Baba Malam da Yaya bayan ɗalibai sun tashi. Na durƙusa na faɗi komai, kaina a ƙasa. Yaya kuwa sai kallona yake yi kamar an canza masa ni a hanya. Baba Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Abin da kika rubuta, kin gani ko an gaya miki?"

Na ce, "Ko ɗaya, Baba. Ƙirƙira na yi. Hikaya ce, kowa ya san ba gaskiya ba ce."

Ya ce, "Da kowa ya sani, da ba ki zo nan ba. Tashi ki je ki faɗa musu da bakinki."

Na tashi da ƙarfin gwiwa, don a ganina magana ta ƙare. Wadda ta ƙulla ta zo ta kwance, sai me kuma?

Na tarar da Iya a gidanta da mata kamar goma sha, ranar ba su fita da wuri ba, suna turara shinkafa a rabin duro. Suka karɓe ni da fara'a, aka shimfiɗa mini tabarma. Na yi gyaran murya irin ta aji na ce musu labarin nan da suke ji ni na rubuta shi, a ɗakina a Kura, ina zaune a bakin gado. Babu wata mace ta goma. Na fito da wayata na nuna musu rubutun, har da inda na goge na sake.

Sai Iya ta ajiye muciyar hannunta ta dafe ƙirji.

"Ke ce, 'yar Malam? Innalillahi. Ashe maganar daga gidan Malam ta fito."

Na ce, "Iya, ba ki ji ni ba ne. Cewa na yi ƙarya ce na shirya."

Ta ce, "Haba 'yar nan. Tun kina goye nake shiga gidanku. Jinin Malam ba ya ƙarya, balle a buɗe da sunan Allah. Da muna cewa ko wani ɗan iskan birni ne ya haɗa, har wasu sun fara cewa gobe a gwada shiga. Yanzu kuwa ai an gama magana. Masu lalurar iska nawa ake kawo wa Malam zaure? Abin da kunnenki ya ji ne kika kasa riƙewa."

Wata daga bakin murhu ta ce, "Turo ta aka yi ta rufa wa gida asiri, saboda tumatir. Ai ba laifi ba ne, kowa ma haka zai yi."

Na rantse. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Iya ta kama hannuna da sauri ta ce kul, kada son ɗan'uwa ya kai ni ga halaka. Na ce to wa aka taɓa gani da jan hannu a garin nan? Nan take aka tuna da wata mata da ta yi aiki a gonarmu shekarun baya, ta koma garinsu, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Na san matar, aure ta yi. Na faɗa, aka ce to wa ya ga hannunta? Wallahi ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. Shekara huɗu ina roƙon a yarda da ƙaryata ana yi mini dariya, yau ina roƙon a yarda da gaskiyata ana ba ni haƙuri. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin da ban zo ba, da wataƙila washegari sun shiga gonar.

Da zan tafi Iya ta raka ni soro, ta rage murya. Ta ce ita ba ta son asarar Yaya, yaron kirki ne, bai taɓa riƙe wa mace haƙƙinta ba. Abu ɗaya ne mafita. Malam ya taka da kansa ya je gonar, ya tsaya wajen taraktar nan ya yi karatu ya tofa, a gani da ido. Idan aka yi haka da safe, ita da kanta za ta fara shiga kafin azahar.

Da gudu-gudu na koma gida. Yaya da ya ji, fuskarsa ta washe a karo na farko. Ya ce zai ɗauki Baba a babur a hankali, ko minti goma ba za a yi ba. Baba Malam ya saurare mu har muka gama, sannan ya girgiza kai.

Ya ce, "In je in kori me?"

Yaya ya ce, "Baba, addu'a ce kawai. Addu'a ai ba ta ɓaci."

"Addu'a ina yi maka ita kullum, a nan inda nake zaune. Amma idan na je na tsaya a gaban mutane na yi abin da za su ce Malam ya kori aljana, na shaida musu ke nan da can akwai ta. Ƙanwarka ta yi ƙarya da alƙalami, ni kuma in sa mata hannu da ayar Allah? Gobe duk wanda ya ga inuwa a gonarsa ni zai kira, kuma da gaskiyarsa."

Na sa baki na ce, "Baba, tumatir ɗin fa lalacewa yake yi."

Ya ce, "Na sani. Gonata ce kafin ta zama tasa."

Yaya ya yi ta roƙo kamar ƙaramin yaro, mutumin da yake da 'ya'ya biyar. Baba bai ɗaga murya ba, bai kuma motsa ba. Na san yana da gaskiya, kuma a ranar na ji haushin gaskiyar tasa kamar in yi ihu. Ban isa in faɗa ba, tunda ni na jawo.

Washegari muka shiga gonar da kanmu, ni da Yaya da matarsa da ƙannenmu mata biyu da wata gwaggonmu da ta ce ita ta tsufa da tsoro. Rabona da aikin gona tun kafin aure. Kafin hantsi bayana ya riƙe, kuma rabin abin da na kama fashewa yake yi a hannuna, ruwan yana bin yatsuna, ga tsami ya fara tashi daga ƙarƙashin ganye. Aikin da mata ashirin ƙwararru suke yi, mu shida muka tasa a gaba. A gonar maƙwabcinmu, tsallaken ƙaramar hanyar ruwa, ga Iya can da matanta suna tsinka, kwanduna suna cika ana jerawa a bakin hanya. Lokaci-lokaci sai wata ta miƙe ta yi mana sannu daga nesa, ta tsaya tana nuna mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ƙirga mu take yi.

Da rana ta take na hau kan mushen taraktar na zauna, da gayya, na ɗaga hannuwana sama don su gani. Na manta hannuwan jajaye ne har wuyan hannu saboda ruwan tumatir. Wata ta saki kwando ta yi salati. Na sauko na wanke a kanal na sake ɗagawa fari tas, amma wadda ta gani ta riga ta gani. Daga baya na ji bayanin da aka yi, wai ni ba za a taɓa ni sosai ba tunda mun san juna da aljanar gonar. Abin da ya fi ba ni haushi, da na koma layi na sunkuya, sai na kama matar Yaya tana waiwaye tana motsa baki. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na tarar ni ma na riga na ƙirga mu mata biyar a zuciyata, ina neman ta shida.

Kwana uku muka yi a haka. Abin da muka tsamo bai taka kara ya karya ba, shi ma da Yaya ya kai kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan dillalai suka ce ya yi laushi, ba zai jure hanyar Kudu ba. Muka yanka wani muka shanya, ƙuda ya fi mu samu. Na rubuta dogon bayani na tura guruf cewa labarin nan ƙirƙira ne, masu karatu suka yi mini ca, wai wa ya tambaye ni, in daina ɓata musu daɗi in kawo babi na gaba. Waɗanda suka san hikaya ce ba sa bukatar bayanin, waɗanda suke bukatarsa kuwa ba sa cikin guruf. Mai muryar nan na nema ta hannun masu caji har na gaji, kowa ya ce shi ma turo masa aka yi.

A rana ta huɗu da la'asar Yaya ya ce kowa ya ajiye kwando. Ya je ya kira wani makiyayi da yake kiwo a bakin babban kanal, ya ce ya kora shanunsa ciki. Sauran suka tafi gida, ni na kasa tafiya. Muka tsaya a kan kunya ni da shi, shanu suna bi ta kan fangalin da ya jera da hannunsa, suna tattake jan da ya rage. Tun ranar da na yi iƙirari a zaure bai yi mini magana ta minti ɗaya ba, kuma na fi son ya zage ni in san an wuce wurin.

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon shanun, sannan ya ce, "Ita matar da ta karɓi tumatir ɗin, jan ya kai ƙirjin nata?"

Na ɗauka gatse ne, sai na ga da gaske yake tambaya. Ashe ya saurara har inda muryar ta tsaya, shi da bai taɓa karanta hikaya ba a rayuwarsa. Na ce masa ban rubuta ƙarshen ba, kuma na yi alkawari ba zan sake taɓa shi ba har abada.

Ya ce, "A'a, Malama. Ki ƙarasa. Tunda ya riga ya ci gonata, kada kuma ya tashi a banza."

Ya sunkuya ya ɗauki kwandunan da ba a cika ba, ya jera su ɗaya cikin ɗaya, ya ɗaure a bayan babur. Ya ce in hau ya sauke ni a titi kafin motocin Kura su ƙare.